Edsger Dijkstra: Malamin lissafin da ya raba gardamar 'yan gida ɗaya a cikin kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai cajin waya ranar kasuwar Ɗambatta ko Bichi ya san wannan yanayin. Saurayi yana sauraren karatu ko waƙa a kunne, yana tura saƙon murya, ga bidiyo yana sauka a ƙarƙashi, sai kwatsam manhaja guda ta ƙame. Ya danna, ya sake dannawa, shiru. Can sai wayar ta tambaye shi ko zai jira ko kuwa ya rufe ta. Ya rufe. Amma sautin da ke kunnensa bai yanke ba, sauran manhajojin kuma ko a jikinsu.

Me ya sa ɗaya ta mutu ba ta ja sauran ba? Me kuma ya ƙamar da ita tun farko?

Amsar tana cikin bambancin abubuwa biyu da masana kwamfuta ke kira furoses da kuma zare. Daga cikin waɗanda suka aza harsashin wannan ilimi, da wuya a samu wanda ya kai Edsger Wybe Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, wanda ake furta sunansa kamar Daikstira. Ya rasu a 2002, shekara shida kafin wayar Android ta farko ta shiga kasuwa. Bai taɓa riƙe irin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ba, amma tunaninsa yana aiki a cikinta kowace daƙiƙa.

Sana'ar da hukuma ta ce ba ta san ta ba

An haifi Dijkstra ranar 11 ga Mayun 1930 a birnin Rotadam, shi ne na uku cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa malamin kimiyyar sinadarai ne, mahaifiyarsa kuma gwanar lissafi ce duk da cewa ba ta taɓa yin aikin albashi da shi ba. Kwana uku bayan ya cika shekara 10, jiragen yaƙin Jamus suka ragargaza tsakiyar birninsu.

Da ya gama sakandare a 1948, burinsa shi ne ya karanta shari'a ya wakilci ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya. Sakamakonsa a lissafi da kimiyya ya sa iyaye da malamai suka karkatar da shi, ya tafi Jami'ar Leiden karatun fiziks.

A 1951 mahaifinsa ya ga tallar wani kwas na mako uku kan rubuta umarnin kwamfuta a Kambirij ta Ingila. Ya je. A watan Maris na 1952 Adriaan van Wijngaarden ya ɗauke shi aiki a Cibiyar Lissafi ta Amstadam, ya zama mutum na farko a Holan da sana'arsa ita ce rubuta manhaja.

Sabuwar sana'ar ba ta da wani mutunci a lokacin. Da ya zo auren Ria Debets a 1957, jami'an rajistar aure suka ƙi yarda ya rubuta ta a takarda, domin a cewarsu babu sana'a mai wannan suna. Dole ya rubuta masanin fiziks.

Shekara guda kafin auren, yana zaune da Ria a wani gidan shan gahawa a Amstadam, ya tsara hanyar gano tafiya mafi gajarta tsakanin gari da gari, cikin minti 20, ba takarda ba alƙalami. An gwada ta da taswirar garuruwa 64 na Holan, aka wallafa ta a 1959. Ita ce ta fi yaɗa sunansa, kuma 'ya'yanta da jikokinta ne ke nuna wa direbobi hanya a taswirar waya. Sai dai a ganina ba ita ce aikinsa mafi nauyi ba.

Ranar da kwamfuta ta daina yin abu ɗaya sau biyu

Kwamfutocin farko aiki ɗaya suke yi, daga farko zuwa ƙarshe. In ka ba su umarni iri ɗaya sau goma, amsa iri ɗaya za ka samu sau goma. In akwai kuskure, kullum a wuri ɗaya zai bayyana, sai a bi sawu a kama shi.

A ƙarshen shekarun 1950 abokan aikinsa suka ƙera wata na'ura mai suna Electrologica X1, wadda za a iya katse ta tana tsakiyar aiki. Injin buga takarda ko mai karanta bayanai zai iya taɓa ta a kowane lokaci, ta ajiye abin da take yi, ta saurare shi, sannan ta koma. Dijkstra aka ɗora wa rubuta umarnin da zai kula da wannan katsewar, kuma a kan na'urar ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Amstadam a 1959.

Abin ya tsorata shi, kuma yana da hujja. Tunda ba wanda ya san takamaiman lokacin da katsewar za ta zo, kuskure zai iya faruwa yau, ya ɓace, ba zai sake leƙowa ba sai bayan wata shida. Yaya za ka gyara ciwon da ba ya tashi in likita yana nan?

Sauran rayuwarsa kusan amsar wannan tambaya ce.

Maƙwabta da 'yan gandu

Kafin mu ci gaba da labarinsa, bari mu koma gida mu fahimci abin da ake magana a kai, domin manomin arewacin Kano ya san tsarin tun kafin a ƙera kwamfuta.

A karkarar Ɗambatta, Makoɗa, Kunci ko Minjibir, gidaje a kusa suke da juna, gona na manne da gona, ba wani fili da ke zaune banza. Duk da haka kowane gida da dangarsa, da rumbunsa, kowace gona da iyakarta. Maƙwabci ba ya zura hannu a rumbun maƙwabci. In yana son aron hatsi sai ya yi sallama ko ya aiko yaro.

Haka tsarin da ke sarrafa wayarka yake yi. Duk manhajar da ka buɗe, Android yana yanka mata filinta a ma'adanar aikin wayar, wadda 'yan kasuwar waya ke kira ram, ya kewaye shi. Wannan gidan, da duk kayan da ke ciki, shi ne furoses. Facebook ba ya iya leƙa rumbun manhajar bankinka. Manhajar da ta miƙa hannu wajen filinta, nan take tsarin zai kashe ta. In gida biyu na son magana, sai saƙon ya bi ta hannun tsarin, kamar yadda ake bi ta hannun mai unguwa. Akwai ɗan jinkiri, amma akwai aminci. Shi ya sa manhajar saurayin nan ta mutu sautin kunnensa bai yanke ba: gobarar ba ta tsallake danga ba.

Zare kuwa su ne 'yan gandu, wato ma'aikatan da ke cikin gida ɗaya. Kowane furoses yana da aƙalla zare ɗaya, manhajojin yau kuma suna da su da yawa. Wani yana kula da fuskar waya da amsa yatsanka, wani yana ɗauko saƙo daga intanet, wani yana buɗe hoto. Kowannensu yana da 'yar gayaunarsa, inda yake ajiye lissafin inda ya tsaya a aiki, amma rumbu ɗaya suke ɗiba, gona ɗaya suke nomawa.

Amfanin a fili yake. Ƙara zare kamar kiran ƙane ne ya ɗauko fartanya ya shigo kunya. Kafa sabon furoses kuwa kamar fitar da ɗa ne daga gandu: sai fili, sai danga, sai sabon rumbu. 'Yan gandu ba sa buƙatar ɗan aike, abin da wannan ya ajiye wancan yana gani. Wayoyi da yawa a yau suna da ƙwaƙwalwa mai sassa takwas, don haka zare da dama na iya aiki a lokaci guda da gaske, ba karɓa-karɓa kawai ba.

Amma zo mu zauna, zo mu saɓa. In zare ɗaya ya yi mummunan kuskure, gidan gaba ɗaya ne ke rushewa. In kuma zaren da ke amsa yatsanka ya tsaya jiran wani abu, manhajar ta ƙame ke nan. Android yakan ba shi kimanin daƙiƙa biyar kafin ya tambaye ka ko a rufe.

Akwai ma wadda ta fi wannan ɓoyuwa. A ce ana rubuta adadin damin gero da gawayi a jikin rumbu, an rubuta 10. Wa ya zo da dami ɗaya, ya duba ya ga 10, ya jefa nasa, ya juya neman gawayi. Kafin ya dawo ƙane ya zo, shi ma ya ga 10, ya ɗauki dami ɗaya, ya goge ya rubuta 9. Wan ya dawo ya goge ya rubuta 11. A cikin rumbu dami 10 ne, a bango 11. Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya yi ƙarya, kowa lissafinsa daidai ne. Saɓanin lokaci ne kawai. Yanzu ka cire gero ka sa kuɗin asusunka.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: ba Dijkstra ne ya raba furoses da zare yadda ake koyar da su a yau ba. Dangar ta yi ƙarfi ne da zuwan na'urori masu tsaron ma'adana da tsare-tsare irin su Unix, ƙa'idar zare ta bai ɗaya mai suna POSIX kuwa sai 1995 aka tsayar da ita. Abin da shi yake kira furoses a rubuce-rubucensa ma'aikata ne masu taɓa kaya ɗaya, wato sun fi kama da zaren yau. Matsalar rumbun nan ita ce tasa.

Alamar jirgin ƙasa

A 1962 ya zama farfesan lissafi a babbar kwalejin fasaha ta Eindhoven, garin da masu kallon ƙwallo suka sani da ƙungiyar PSV. Ya iso da gemu, wanda ya samo asali daga alƙawarin da shi da abokin aikinsa Jaap Zonneveld suka yi na ƙin aski har sai sun gama na'urar fassara harshen ALGOL 60. Sun gama a 1960. Zonneveld ya aske nasa, Dijkstra ya bar nasa har ƙarshen rayuwa.

A Eindhoven ya tsara tambayar sarai. Ga ma'aikata da yawa, ba a san saurin kowa ba. Yaya za a tabbatar mutum ɗaya tak ke gaban rumbu a lokaci guda, kuma ba za a wayi gari kowa na cewa ɗan'uwansa bismillah, ba wanda ya shiga ba? Wani masanin lissafi ɗan ƙasarsu, Th. J. Dekker, ya riga ya warware ta ga ma'aikata biyu. A watan Satumbar 1965 Dijkstra ya wallafa mafita ga kowane adadi, a takarda mai shafi ɗaya kacal. Daga wannan shafi fanni guda na ilimin kwamfuta ya tsiro.

Mafitar tana da wani aibi: mai jira yana ta zagaye yana leƙe, yana cinye ƙarfin na'ura a banza. Sai ya kawo abin da ake kira simafo, sunan da ya aro daga alamar da ke ba jirgin ƙasa hannu. A layin dogo guda ɗaya, irin na Kano zuwa Nguru, jirgi ba ya shiga wani yanki sai an ba shi izini, na bayansa kuma sai ya tsaya.

Simafo lamba ce kawai da ayyuka biyu, waɗanda ya raɗa wa P da V daga kalmomin harshensu. Ka ɗauka rijiya ce mai guga uku. Mai zuwa ɗiba zai rage ɗaya daga lambar ya ɗauki guga. In ya tarar lambar ta koma sifili, sai ya samu inuwa ya kwanta, ba ya ta zarya. Wanda ya gama zai ƙara ɗaya, a tashi mai barci. In guga ɗaya ne tak, simafo ya zama kwaɗon ƙofar rumbu. Sirrin shi ne dubawa da ragewa abu guda ne da ba a iya katsewa a tsakiya, ba kamar wan nan da ya juya neman gawayi ba.

Ya tattara wannan duka a wani dogon darasi na 1965 kan ma'aikata masu haɗin gwiwa. Har yau simafo da danginsa suna cikin Linux, wanda a kansa aka gina Android.

Cirko-cirko

Kwaɗo ma yana da nasa sharrin. An yi ruwan shuka da daddare. Wa ya riga ya kama shanun huɗa yana jiran garma, ƙane ya riga ya ɗauke garma yana jiran shanu. Kowa ya rantse ba zai saki nasa ba sai ya samu ɗayan. Rana na ɗagawa, laima na tafiya, ba a yi kunya ko ɗaya ba. Dijkstra ya kira wannan rungumar mutuwa.

A 1965 ya ba ɗalibansa ita a jarrabawa, a siffar kwamfutoci biyar masu rububin na'urorin faifai. Daga baya tambayar ta koma labarin masana falsafa biyar a teburi ɗaya, da cokula biyar, kowa ba ya iya cin taliya sai da biyu, na dama da na hagu. In duk suka ɗauki na hagu lokaci guda, yunwa za ta kashe su ga abinci a gaba. Abokinsa Tony Hoare na Ingila yana da hannu a wannan siffa da ta shahara. Ɗaya daga magungunan da ake koyarwa mai sauƙi ne: a tsayar da jeri. Kowa ya fara neman shanu kafin garma, wanda bai samu shanu ba kada ya taɓa garma. Ya kuma tsara wata dabara da ya kwatanta da ma'aikacin banki, wanda ba ya ba da bashi sai ya tabbatar abin da ya rage zai ishe shi sallamar kowa ɗaya bayan ɗaya.

Bai tsaya a allo ba. Shi da wasu mutum biyar, dukkansu suna haɗawa da koyarwa, suka gina cikakken tsarin sarrafa kwamfuta mai suna THE a kan na'urar Electrologica X8. Sun jera shi hawa-hawa. Hawan ƙasa yana raba lokacin ƙwaƙwalwa tsakanin ma'aikata, ya shanye duk wata katsewa, yadda na sama ba su ma san da ita ba. Na biye yana kula da ma'adana, haka har zuwa manhajojin masu amfani. Kowane hawa sai an yi masa hujja da lissafi kafin a ɗora na gaba. Bayanin tsarin ya fito a 1968, kuma abin da ya ba mutane mamaki shi ne ƙarancin kurakuran da aka samu da aka zo gwaji.

Matsayinsa ke nan da bai taɓa sauka daga kai ba: gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu. A harkar zare, maganar ba ta da makawa.

Lambar yabo da kaifin harshe

Nasarar ba ta kawo masa kwanciyar hankali ba. Sashen lissafin da yake ciki bai ɗauki ilimin kwamfuta da daraja ba, aka watsa tawagarsa, ya shiga matsananciyar damuwa. A cikin wannan hali ya rubuta bayanansa kan tsara manhaja daki-daki a 1969, waɗanda suka shiga littafin da ya fitar tare da Hoare da Ole-Johan Dahl a 1972.

A 1968 kuma wata gajerar wasiƙarsa ta tayar da ƙura, inda ya soki umarnin da ke barin manhaja ta yi tsalle zuwa duk layin da ta ga dama. Editan mujallar, Niklaus Wirth, shi ya sauya mata take zuwa wanda ya fi zafi. An shafe shekaru ana musu a kai.

Ya samu lambar Turing a 1972, wadda ita ce mafi girma a fannin. A 1973 kamfanin Burroughs na Amurka ya ɗauke shi mai bincike, ya bar shi yana aiki daga ɗakin karatunsa a Nuenen, wani ƙaramin gari kusa da Eindhoven inda mai zane Van Gogh ya taɓa zama yana zana manoma. Ranar Talata kaɗai yake leƙa jami'a, inda shi da abokansa ke zama su karanta takardun bincike layi-layi, su yi musu fiɗar akuya.

Ba mutum ba ne mai sauƙin zama. Yana da kaifin harshe, yana sukar harsunan kwamfuta da masu su ba sassauci, kuma mutane da yawa sun ɗauke shi mai girman kai. Wasu suna ganin nacewarsa kan hujjar lissafi ba ta dace da manhajoji masu miliyoyin layuka ba, kuma gaskiya kasuwa ba ta bi shi har can ba. Amma ɗalibansa sun shaide shi da kula. A Jami'ar Teksas da ke Austin, inda ya koma a 1984, jarrabawar baka yake yi wa kowane ɗalibi shi kaɗai, wani lokaci ta ɗauki awanni.

Abin dariyar shi ne malamin kwamfuta bai cika amfani da kwamfuta ba. Da alƙalamin tawada yake rubuta tunaninsa, ya sa wa kowace takarda haruffan sunansa EWD da lamba, ya yi kwafi ya aika wa abokai ta gidan waya, su kuma su yaɗa. Lambobin sun wuce 1,300, kuma jami'ar ta ɗora su a intanet. Sai can baya ya yarda da kwamfuta, don saƙon imel da leƙa shafuka. Hutunsa kiɗan fiyano ne da yawon gandun daji shi da Ria a wata motar Volkswagen mai wurin kwana.

Ya yi ritaya a 1999. Da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, ya koma gidansa na Nuenen a farkon 2002, ya rasu ranar 6 ga Agusta yana da shekara 72, ya bar matarsa da 'ya'ya uku. Jim kaɗan kafin rasuwarsa an karrama wata takardarsa ta 1974 kan tsarin da ke iya gyara kansa in ya rikice, kuma daga 2003 aka sa wa lambar sunansa.

Shekara guda da kwana takwas bayan rasuwarsa, ranar 14 ga Agustan 2003, wuta ta ɗauke a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontario na Kanada, kimanin mutum miliyan 50 suka shiga duhu. Wayoyin lantarki ne suka taɓa bishiyoyi a jihar Ohio, amma ƙararrawar da ya kamata ta faɗakar da ma'aikatan ɗakin kula ta yi shiru sama da awa guda ba su sani ba. Injiniyoyi sun shafe makonni suna tona manhajar kafin su gano dalili: sassa biyu nata ne suka kai hannu kan bayani guda a lokaci ɗaya.